Sharhi kan aikin kamfanin da ya kwashe mana bareyi da jiminu zuwa ƙasar Ningi

Kawuna yana da lambu a bayan garin Kano wanda ya shafe fiye da shekara 20 yana kiwon bareyi da jiminu a cikinsa da izinin hukuma, kuma da gari ya ci gaba da faɗaɗa har gidaje suka kewaye lambun ta kowace kusurwa, sai ya yanke shawarar mayar da dabbobin wata gona da ya saya a ƙasar Ningi. Ni likitan dabbobi ne, amma aikina bai wuce shanu da tumaki da awaki ba, saboda haka da ya ɗora mini nauyin kwashewar na gaya masa a fili cewa hannuna bai kai nan ba, sai dai in nemo waɗanda sana'arsu ce in tsaya a kansu. Wannan sharhi ne a kan kamfanin da muka ɗauka, wanda ya kwashe mana bareyi 11 da jiminu 4. Na bar sunansa a rufe da gangan, domin akwai kuskure guda da zan ɗora masa wanda ya jawo mana asarar rai, kuma abin da zai fi amfanar mai neman irin wannan hidima shi ne ya san wuraren da ake duba mai kamun namun daji kafin a ba shi amana.

Abin da ya sa na tsaya kai da fata a kan sai ƙwararru ya samo asali ne daga wani abu da ya faru shekarun baya. Kawu ya sayi bareyi 6 ta hannun wani dillali, yaran dillalin suka yi ta korarsu cikin shinge har suka galabaita, suka ɗaɗɗaure musu ƙafafu huɗu da igiya, suka jera su a bayan a-kori-kura da tsakar rana. Da aka sauke su babu karaya, babu ko ɗigon jini, har Kawu ya yi wa dillalin kyauta a kan kuɗinsa. Ɗaya ta mutu kafin magariba. Biyu suka bi ta a kwana na uku, bayan sun wuni suna tangaɗi kamar waɗanda ƙafafun baya suka ƙi yi wa biyayya. Ta huɗu kuwa ta kai mako guda tana cin harawa lafiya lau, ranan nan kare ya yi haushi a gindin katanga, ta zabura ta yi 'yan tsalle, ta tsaya cik, ta faɗi ba ta sake shurawa ba. Tsohon da ke kula da lambun ya tsuguna a kanta ya ce, "Alhaji, barewa ba ta son hannu. Haɗiyar zuciya ta yi." A lokacin na ɗauki maganarsa a matsayin zancen mutanen da, amma da na koma na yi karatu a kan lamarin sai na tarar tsohon ya fi kusa da gaskiya fiye da ni da nake ta neman guba a cikin abinci.

Ciwon da ya kashe su lalacewar tsoka ce da firgita da wahalar kamu ke haddasawa, kuma an fara bayyana shi a rubuce a 1964 a Kenya, daga wani nau'in kanki da ake kira hirola. Idan dabba ta firgita, jikinta yakan zubo sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, tsoka ta shiga aiki fiye da abin da iskar da ke isa gare ta za ta iya ɗauka. Tsokar da ke aiki ba tare da isasshiyar iska ba tana tara wani sinadari mai tsami da ake kira laktik, jini ya yi tsami, zafin jiki ya hau. A daji wannan hali ba ya daɗewa, domin tsakanin barewa da abin da ya biyo ta magana takan ƙare cikin ɗan lokaci, ko ta tsira ta huta, ko a kama ta. Mutum ne kaɗai yake kora ya ƙara kora, ya kama ya ɗaure, ya bar dabba tana fafutuka da igiya na tsawon sa'o'i, jikinta yana ci gaba da gudun da ba shi da ƙarshe alhali tana kwance wuri ɗaya. A nan ne ƙwayoyin tsoka suke fashewa su zubar da abin da ke cikinsu a jini. Daga ciki akwai fotasiyam, wanda idan ya yi yawa yake rikita bugun zuciya har ta tsaya, akwai kuma mayoglobin, wato sinadarin da ke ba nama launinsa na ja, wanda yake bi ta ƙoda ya toshe ta ya ƙone ta, fitsari ya koma launin baƙin shayi. Wannan ne ya sa mutuwar take zuwa a lokuta mabambanta. Wata dabbar takan tafi cikin 'yan sa'o'i tana haki. Wata takan kwana biyu ko uku ƙodarta tana mutuwa a hankali, wuyanta ya karkace, ƙafafunta su sandare. Wata kuma tsokar sha-raɓarta ce take tsinkewa bayan kwana ɗaya ko biyu, agara ta saki, gwiwar baya ta sauka ƙasa, ta kasa ɗaukar nauyin jikinta. Akwai wadda za a ga kamar ta warware sarai, amma zuciyarta ta riga ta taɓu, firgita ta biyu ce kawai take jira, irin barewar nan da haushin kare ya ƙarasa. Ciwon ya fi kama dabbobi masu kofato masu saurin zabura irin su barewa da gwanki da kanki da raƙumin dawa da jakin dawa, yana kuma kama tsuntsaye masu dogayen ƙafafu irin su jimina da gauraka, kuma idan ya riga ya shiga jiki magani ba safai yake cin nasara a kansa ba.

Da wannan sani na tari ayarin kamfanin ranar da suka fara zuwa duba lambun, a cikin watan Afrilu. Wadda ke jagorantarsu likita ce da ta yi horo a kan kamun namun daji a Afirka ta Kudu, kuma abin da ya fara burge ni da ita shi ne ta ƙi aikin a lokacin da muka nema. Kawu yana so a gama kafin damina, ita kuwa ta ce a zafin bazarar Kano, inda ma'auni ke haura digiri 40 da rana, ba za ta taɓa ko barewa ɗaya ba, sai hunturu ya kama. Kawu ya ce mata, "'Yata, wata takwas fa ke nan kike cewa in jira." Ta rusuna ta ce, "Baba, in kana son a kai su da rai, sai haƙuri. In kuwa kaiwa kawai kake so, akwai masu yi maka gobe." Kuɗin da suka yanka ya ninka abin da wani dillali ya nema kusan sau uku, har Kawu ya kira ni gefe ya tambaye ni ko ba tsada ce kawai ta masu takarda ba. Na tuna masa da bareyi huɗun nan, bai ƙara cewa komai ba.

Ainihin aikinsu ya fara ne mako uku kafin ranar kamu, kuma a ganina wannan ɓangaren ne ya fi cancantar kuɗin da aka biya, ko da yake shi ne wanda mai kallo zai ɗauka ba a yin komai a cikinsa. A kusurwar lambun da bareyin suka saba shan ruwa, suka kafa wani killataccen wuri da turaku da baƙin tamfol mai tsawon da ya fi mutum, suka bar bakinsa a buɗe, suka ce daga ranar kada a ƙara zuba dusa ko harawa ko 'ya'yan gawo a ko'ina sai a cikinsa, kuma tsohon da dabbobin suka saba da warinsa da takunsa shi kaɗai zai riƙa shiga. Hikimar tamfol ita ce dabba tana ɗaukar abin da ba ta ganin bayansa a matsayin bango, ba ta yin karo da shi, alhali waya ko raga da take hango fili ta cikinta takan afka mata da dukkan ƙarfinta har ta karya wuya. Wani ma'aikacin gandun daji mai suna Jan Oelofse ne ya fito da wannan dabara a 1968 a lardin Natal na Afirka ta Kudu, kuma har yau da ita ake kwashe garken namun daji a can. Kwana huɗu na farko bareyin ba su kusanci wurin ba sai cikin dare. Zuwa ƙarshen mako na biyu suna kwana a ciki. Daga nan aka kawo akwatunan jigilar aka jera su a ƙarshen wani siririn lungu mai duhu da ya fita daga killataccen wurin, aka cire ƙofofinsu na gaba da na baya, dabbobin suka riƙa ratsawa ta ciki suna fita kamar hanya ce. Ba sabon abu ba ne a wannan sana'a, domin a 2018 da aka kwashe raƙuman dawa 8 daga yankin Kure da ke kusa da Yamai zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, tafiyar da ta haura kilomita 800, sai da aka ajiye su a irin wannan killataccen wuri fiye da mako uku kafin a ɗora su a mota.

A cikin waɗannan makonni ne kuma likitar ta je Ningi da kanta ta duba shingen sabuwar gonar, ta sa aka lulluɓe wayarsa da zana ta ciki, ta ɗebi ruwan rijiyar burtsatsen ta kai a auna gishirinsa. Da na nuna mamaki, sai ta tuna mini da karkanda 11 da aka kai gandun Tsavo ta Gabas a Kenya a 2018 suka mutu gaba ɗaya, inda binciken gwamnatin ƙasar ya sa ruwa mai gishiri na sabon wurin a sahun gaba na musabbabin mutuwar. Ta kuma sa aka yi lodin harawa da dusar da dabbobin suka saba ci daga Kano, wadda za ta ishe su wata guda.

Ranar kamu ta faɗo cikin Janairu, da sanyin nan mai sa yatsu su ƙage. Ƙarfe huɗu na asuba tsohon ya ja igiyar da ta rufe bakin killataccen wurin daga nesa, bareyin suna ciki suna tuƙa. An riga an yi wa kowa gargaɗi cewa babu magana, babu waya, babu farar riga, kuma fitilar da aka yi aiki da ita ja ce mai raunin haske. Mutum biyu suka riƙe wani faffaɗan tamfol suna matsowa da shi taku ɗaya bayan ɗaya, matan bareyin da 'yan ƙanana suka bi lungun da suka saba bi, kowace ta shiga akwati aka sauke ƙofa a hankali, likitar ta zura allura a kan dogon sanda ta wata 'yar kafa ta yi musu maganin kwantar da hankali a cinya. Tun daga rufe ƙofa har shigar ta ƙarshe ban ga barewa ɗaya ta yi gudun da ya kai na taku ashirin ba. Mazan guda uku ne kawai aka harba da bindigar allura, saboda suna faɗa da juna idan wuri ya matse. Na tsaya a kan ɗaya daga cikinsu tun daga faɗuwarsa, kuma abin da na gani ya gamsar da ni. Kafin a yi komai an rufe masa ido da baƙin ƙyalle, an toshe kunnuwansa da auduga, an durƙusar da shi a kan ƙirjinsa, kai a sama hanci yana kallon ƙasa don kada ciki ya kumbura ko abin da ya tuƙa ya koma masa huhu. Wani yaro ya zura gutsuren tiyo a kan kowane ƙaho. Wani kuma ba shi da aiki sai riƙe ma'aunin zafi da agogo, yana raɗa wa likitar lamba duk bayan minti biyu tana rubutawa. Da ma'aunin ya nuna digiri 41 ta ɗaga yatsa, aka kwarara masa ruwa a wuya da hammata da tsakanin cinyoyi ana cuɗawa har ya ratsa gashi, ana yi masa fifita da kwali, lambar ta fara sauka. Abin lura shi ne dabbar nan ba ta yi gudu ba, gari kuma da sanyi, amma jikinta ya yi wannan zafi. Masu bincike na Jami'ar Witwatersrand da ke Afirka ta Kudu sun nuna a 2008, a kan impala, wata 'yar'uwar barewa ta kudancin Afirka, cewa hawan zafin jiki lokacin kamu ya fi alaƙa da tsananin firgita fiye da yawan gudu ko zafin gari, kuma na ga hakan da idona a kan wannan ɗan namiji.

Game da magunguna, likitar ba ta ɓoye mini komai ba, ta nuna mini kwalabe da ranakun ƙarewar wa'adinsu. Don kwantar da mazan ta haɗa medetomidin da ketamin, ta tashe su da atifamezol bayan an sa su a akwati, don kada su yi tafiya a sume. Don kwantar da hankali a hanya ta yi amfani da haloferidol, wanda yake riƙe dabba na wasu sa'o'i kawai, ta ƙara da ferfenazin mai dogon zango, wanda ba ya fara aiki sai bayan kusan rabin yini amma yana riƙe dabba cikin natsuwa har kimanin mako guda, daidai lokacin da take buƙatar sabawa da sabon wuri. Ba ta zo da etofin ba, maganin nan mai ƙarfi da ake kwantar da giwa da karkanda da shi, ta ce ƙananan dabbobi kamar namu ba su wajabta ɗaukar haɗarinsa ba, tun da ɗan kaɗan daga cikinsa yana iya tsayar da numfashin mutum. Akwatunan su ma an yi su da tunani. Cikinsu da duhu, akwai ramukan iska sama da ƙasa, an shimfiɗa yashi da ingirici don kada kofato ya zame, babu ƙusa ko kaifin katako a ko'ina, domin sai da na zura hannu na shafa kowanne.

Jiminun ba su ba da wahala ba. An riƙa kama wuyan kowace da ƙugiya mai laushi daga gefe, tun da jimina gaba take shuri, a zura mata safa a kai ta rufe ido, nan take ta yi laƙwas, mutum biyu su tura ta daga baya har cikin mota. An raba su da allon katako, kowace da gurbinta, saboda tsuntsuwar da ke tsaye a kan ƙafa biyu idan ta zame a cikin mota 'yan'uwanta sukan tattake ta, kuma fafutukar tashi ita ce ke lalata mata tsokar cinya.

Kuskuren ya faru ne a hanya, kuma ba zan rage masa nauyi ba. An tsara a bar Kano ƙarfe shida da rabi a isa kafin goma, kafin rana ta yi ƙarfi. Motoci biyu ne, ta jiminu da ta bareyi, likitar ta shiga ta jiminu wadda ta yi gaba, ta tafi da ainihin takardun izini a jakarta, ta bar wa direban bareyi kwafi. A wani shingen bincike jami'ai suka tsayar da motar suka ce sai sun ga takardun asali. Ban ga laifinsu ba, domin tun 1985 Nijeriya take da dokar da ta tsare fataucin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, barewa mai jan goshi irin tamu tana cikin jerin dabbobin da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce suna cikin haɗari, kuma masu safararta ta ɓarauniyar hanya ba su da iyaka. Wayar likitar ba ta shiga ba sai bayan kusan awa guda, kafin ta juyo ta iso an ƙara wata awar da 'yan mintoci. Duk wannan lokaci motar tana tsaye a gefen kwalta inda babu inuwa, iskar da tafiya ke turawa cikin akwatuna ta yanke, rana ta hau kan akwatin da ke can baya ta gefen gabas. 'Yan talla da yara suka taru, wasu suna leƙe ta ramukan iska, wani ya ƙwanƙwasa katako don ya ji abin da ke ciki. Ina biye da motar a tawa, na fito ina korar jama'a, ina jin ƙarar kofato yana dukan allo daga akwatin bayan nan ba ƙaƙƙautawa. Ma'aikacin da aka bar wa motar shi ne mafi ƙanƙanta a ayarin, ba shi da allurar ƙari, ba shi da tamfol ɗin yin rumfa, ruwan da ke hannunsa jarka ɗaya ce. Sai da na sayi buhun ruwan leda uku muka riƙa yayyafa wa akwatin, na cire bargon da ke motata muka rataya ta gefen rana. Ayarin da ya yi tunanin gishirin rijiya tun kafin tafiya bai kamata ya raba dabba da takardarta ba, bai kuma kamata motar da ta ɗauki dabbobin da suka fi saurin firgita ta zama ita ce babu likita a cikinta ba.

Wanda ke cikin akwatin bayan ɗan namiji ne da bai cika shekara biyu ba. Da aka buɗe masa a Ningi ya fito da ƙafarsa, ya bi 'yan'uwansa, har muka yi hamdala. Washegari tsohon ya kira ni ya nuna mini inda ya yi fitsari a kan farin yashi, wurin ya yi duhu kamar an zubar da baƙin shayi, shi kuma yana tsaye a gefe ya gantsare, yana jan ƙafafun baya, cinyarsa tana karkarwa. Likitar ta dawo a ranar ba tare da neman ƙarin kuɗi ba, kuma ta faɗa mini gaskiyar tsaka mai wuyar da muke ciki, wato maganin da yake buƙata ruwa ne mai yawa ta jijiya don wanke ƙoda, amma ba a iya sa masa ruwa sai an sake kama shi, sake kamun kuwa shi ne abin da zai iya tsayar da zuciyarsa. Ta kwantar da shi da allura sau ɗaya, ta ɗebi jini, ta ɗaura masa ruwa, ta ƙara sinadarin da ke rage tsamin jini, da bitamin E da silinium da maganin zafin ciwo. Sakamakon jinin ya nuna sinadarin CK, wanda ke fita daga tsokar da ta lalace, ya yi hawan da ban taɓa ganin irinsa a dabbar gida ba. Ya mutu a dare na huɗu. Da muka buɗe gawar tare, naman cinyoyinsa biyu da na gadon baya yana da faffaɗan zane fari-fari kamar dafaffen naman kaza a tsakiyar jan nama, ƙodojin sun kumbura sun yi baƙi, ɗan fitsarin da ya rage a mafitsara launinsa ɗaya da wanda muka gani a yashi. Likitar ta je gaban Kawu da kanta ta ce, "Baba, wannan daga wajenmu ne. Ni na tafi da takardun." Ta cire kuɗin kamunsa da jigilarsa daga lissafi. Ban ɗauki hakan a matsayin diyyar rai ba, amma na girmama wanda bai laɓe a bayan jami'an hanya ba alhali yana da damar yin hakan.

Sharaɗinsu na ƙarshe shi ne mako biyu babu mai shiga wajen dabbobin sai tsohon, babu baƙo, babu kare, babu babur kusa da shinge. Kawu ya so ya kai abokansa su gani ranar Juma'ar farko, na ce masa, "Kawu, ku yi haƙuri, waɗanda suka rage ma sun sha ranar nan a hanya, kuma ba a ganin tabon zuciya daga waje." Ya ɗaga ziyarar zuwa bayan wata guda. Likitar ta riƙa kiran tsohon kowace safiya tana yi masa tambayoyi guda uku, ko sun ci, ko akwai mai ware kansa, da kuma launin fitsarin da ya gani a yashi.

Akwai wasu ƙananan gyare-gyare da zan so su yi. Rahoton aikin, mai ɗauke da lambobin zafin jiki da adadin maganin da kowace dabba ta sha, bai zo hannuna ba sai da na nema sau uku, kuma da ya zo da Turanci ne zalla, alhali wanda zai rayu da dabbobin nan kullum tsoho ne da yake karanta ajami. Shafi guda da Hausa mai bayyana alamun ciwon da abin da za a yi idan an gan su ba zai ci musu komai ba. Haka kuma ba su koya wa yaran gonar yadda ake riƙe barewa idan larura ta taso ba, misali idan ta maƙale a waya cikin dare, lokacin da babu likitan da zai iso.

Duk da asarar da muka yi, idan Kawu ya sake buƙatar kwashe dabba su zan kira, kuma zan ba duk mai kiwon barewa ko gada ko jimina ko gauraka shawarar ya nemi irinsu, ya ware kuɗin makonnin sabo a cikin lissafinsa tun farko. Sai dai wannan karon akwai abubuwan da za su shiga takardar yarjejeniya kafin in sa hannu. Kowace mota za ta tafi da takardunta na asali, za a sanar da shingayen hanya tun ana gobe, likita zai zauna a motar da ta ɗauki bareyi, motocin ba za su rabu da juna ba, kowace za ta ɗauki tamfol ɗin rumfa da jarkokin ruwa da ma'aunin zafi, kuma kashi na ƙarshe na kuɗin ba zai fita ba sai an cika kwana 14 da sauke dabbobi. Bareyi 10 da jiminu 4 suna nan a Ningi, kuma da na je a ƙarshen damina tsohon ya ja ni ta bayan zana ya nuna mini biyu daga cikin matan, kowace da ɗanta kwance a cikin ciyawa.